Kundayen Digiri Sun Cika Kanta, Ajin Yankara Bai Samu Mai Bincike Ba

Daga Samaru ta Zariya zuwa Yankara ba tafiyar kwana ba ce. Mota za ta bi ta Giwa ta shiga Funtua, ta karkata hanyar Gusau, ta wuce Sheme, sai ga Yankara a ƙasar Faskari, dab da inda ake faɗawa Tsafe ta Jihar Zamfara. A wancan bakin hanyar akwai Jami'ar Ahmadu Bello, wadda tun 1962 take yaye malamai da masana harkar ilimi. A wannan bakin kuwa akwai makarantun da suka shafe shekaru ana buɗe su ana rufewa, yaran cikinsu sun san ƙarar bindiga kafin su san jadawalin sau. Idan aka haɗa da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Alƙalam a Katsina, da Jami'ar Tarayya da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita a Dutsin-ma, da Jami'ar Bayero a Kano, sai a ga yankin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa yana kewaye da gidajen bincike. Duk da haka, malamin da ke tsaye gaban allo a wannan yanki, idan ya nemi abin da masana suka gano game da yadda ake koyar da yaron da ya kwana a daji, da wuya a miƙa masa takarda ɗaya da zai karanta ya yi aiki da ita gobe da safe.

Ra'ayina a nan shi ne, binciken da ɗaliban digiri na biyu da na digirgir ke yi a kan koyarwa ya kauce wa inda aka fi buƙatarsa, kuma gyaran ba ya buƙatar kuɗi masu yawa kamar yadda yake buƙatar a sauya abin da ake ɗauka a matsayin bincike.

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin karatu na tsangayar ilimi ya san siffar kundin. Take mai tsawo: tasirin kaza a kan kaza a wasu zaɓaɓɓun makarantu na cikin birnin kaza. Babi biyar. Takardar tambayoyi da Turanci, kowace tambaya da gurbi huɗu, daga "na yarda ƙwarai" zuwa "ban yarda ba sam". A raba wa malamai ko ɗalibai ɗari biyu ko uku, a tattara, a kai wa mai kwamfuta ya fitar da alƙaluma. A babi na biyar sai shawarwari, waɗanda kusan kowa zai iya rubuta su tun kafin a fara binciken: gwamnati ta ƙara kuɗi, a horar da malamai, iyaye su ba da haɗin kai. A yi wa kundi bango mai kauri, a kare shi gaban malamai, a ci shinkafar biki, ya hau kanta. Ban ce duka haka suke ba. Akwai kundaye masu nagarta da masu su suka sha wuya a kansu, kuma su ma kantar suka hau.

Ba lalaci ba ne kaɗai ya jawo wannan, kuma zalunci ne a ɗora wa ɗalibi dukkan laifin. Mafi yawan masu karatun nan ma'aikata ne, da albashinsu suke biyan kuɗin makaranta da na mota da na buga takardu. Malamin da ke duba aikinsu yana riƙe da ɗalibai fiye da ƙima, ga koyarwa, ga neman nasa ƙarin girman. Asusun TETFund, wanda shi ne babbar rijiyar kuɗin karatu da bincike, an gina shi ne domin manyan makarantu da malamansu. Malamin firamare na Sabuwa da ya tafi ƙaro ilimi ba ya cikin lissafin. A irin wannan hali, wa zai zaɓi batun da zai kai shi ƙauyen da ko direban haya sai an roƙe shi? Sai kowa ya zaɓi makarantun da ke kusa da masaukinsa. A haka ilimin da muke tarawa game da makarantunmu ya zama ilimin makarantun cikin gari, sannan a ɗauke shi a ce shi ne hoton jiha.

To, me ya faru a yankin da aka tsallake? Daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, suka kora ɗalibai cikin daji da ƙafa, a lokacin Shugaba Muhammadu Buhari yana Daura. Ranar 17 ga watan aka sako yara 344 ta ɓangaren Zamfara, Gwamna Aminu Bello Masari ya karɓe su a Katsina. Kwana biyu bayan haka aka tare 'yan Islamiyya kimanin 80 a Mahuta ta ƙasar Ɗandume, Allah Ya sa aka kuɓutar da su cikin daren. Gwamnati ta rufe makarantun kwana. Sai aka sace ɗalibai a Kagara da Jangebe a watan Fabrairun 2021, sai Tegina a watan Mayu. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka kuma taƙaita kasuwanci da sayar da mai. Dukkan wannan ya zo ne a kan dogon hutun korona na 2020. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2019 a wannan yanki, zangon karatu nawa ya samu cikakke kafin ya kai aji shida?

Wannan tambaya ce ta bincike, kuma amsarta tana kwance a rajistar makarantu da ke ofisoshin sakatarorin ilimi. Ga wata da ta fi ta nauyi. Waɗancan yara 344 yanzu samari ne. Nawa suka koma makaranta, nawa suka kammala, nawa suka ce su da boko har abada? Wanda ya koma, me ya mayar da shi: uba ne, malami ne, ko abokai? An yi ta ɗaukar hotonsu ranar da suka dawo, ƙafafu a kumbure, suna lulluɓe da barguna. Hoto ya wuce. Abin da ya kamata ya biyo baya shi ne wani ɗalibin digirin digirgir ya bi sawunsu shekara da shekaru, da izinin iyayensu, ya rubuta mana abin da ya taimake su da abin da ya cuce su. Da muna da irin wannan aiki a hannun hukuma, da lokacin da aka sace 'yan makarantar Kuriga a Maris na 2024 malamansu ba su fara lalube daga tushe ba.

Amma kada satar ɗalibai ta rufe mana ido, domin ita ce ake ji a rediyo, alhali abin da ya fi yawa ba ya shiga labarai. Yaron da aka kashe mahaifinsa a gona. Yarinyar da aka sayar da hatsin gidansu da shanun noma aka biya kuɗin fansar mahaifiyarta. Yaran da iyayensu ke kwashe su da la'asar su tafi cikin gari kwana, su dawo da safe. Irin wannan yaro yana zuwa aji bai yi barci ba, bai karya ba. Ƙofa ta buga da ƙarfi ya zabura, babur ya wuce da gudu hankalinsa ya bar allo. Wani ya yi shiru kamar ba ya ajin, wani kuma ya zama mafaɗaci, abu kaɗan ya kai duka. Masana halayyar ɗan'adam sun daɗe da tabbatar da cewa tsoro mai ɗorewa da rashin barci suna rage ƙarfin natsuwa da riƙe karatu. Malamin da ba a taɓa faɗa masa haka ba, me zai kira wannan yaro? Daƙiƙi, ko mai taurin kai. Maganin da ya gada kuwa bulala ce. Sai ya zama yaron da ya tsere wa tashin hankali a gida ya tarar da wani a makaranta, kuma malamin yana ganin gyara yake yi.

Shi ma malamin abin tausayi ne. Yana bin hanyar da ake tare mutane, wataƙila an taɓa ɗaukar ɗan'uwansa, wataƙila shi ya kai kuɗin fansar. Da yawa sun nemi canjin wurin aiki, kuma ba na ganin laifinsu. Wanda ya tsaya yana haɗa aji biyu ko uku, alhali manufar ilimi ta ƙasa cewa ta yi malami ɗaya ga yara 35 a firamare. A watan Janairun 2023 aka sa hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Doka ce mai kyau, sai dai manyan asibitocin ƙwaƙwalwa suna Kaduna da Kware da Dawanau, ba wanda zai kwashi yaran aji huɗu ya kai su can. A Yankara da Ɗan Sabau da Damari, idan akwai wanda zai lura da yaro ya san akwai abin da ke cin sa, malamin ajinsa ne da malamin Islamiyya da uwarsa. Bincike mai amfani shi ne wanda zai gaya wa waɗannan ukun abin da za su yi da abin da ke hannunsu.

Nan ne takardar tambayoyin nan take kasawa gaba ɗaya. Ma'aunan firgici da damuwa da ake arowa an gina su ne a Amurka da Ingila, da Turanci, ga mutanen da suka saba a tambaye su yadda suke ji. Yaron Bahaushe an rene shi a kan kunya da dauriya. Baƙo mai takarda ya tambaye shi ko yana cikin damuwa, amsar ita ce lafiya lau, ko da kuwa zuciyarsa na tafasa. Uwa ba za ta ce ɗanta yana da ciwon ƙwaƙwalwa ba, za ta ce yana firgita cikin barci, ko gabansa na faɗuwa, ko ya daina cin abinci, ko an ce iska ce ta taɓa shi har an karɓo masa rubutu. Mai binciken da bai zauna ya saurari waɗannan ba zai koma jami'a da alƙaluma masu tsafta da ke nuna yara suna lafiya.

Sai batun aji na kowa da kowa, wato ajin da ba ya ware yaro saboda nakasa ko wani dalili. Tushen maganar a duniya shi ne taron Salamanka na ƙasar Sifen a 1994, inda gwamnatoci 92 suka amince cewa makarantar unguwa ita ce ta kowane yaro. A Nijeriya, dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman ta samu sa hannu a Janairun 2019, ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda gurgu da makaho za su shiga, wa'adin da ya riga ya cika. A Jihar Katsina akwai makarantar kurame a Malumfashi da ta makafi a birnin Katsina. Amma uban da ya ga abin da ya faru a Ƙanƙara, ta yaya za a shawo kansa ya tura ɗansa kurma makarantar kwana? Saboda haka ko dai yaron ya zauna a firamaren garinsu, ko ya zauna a gida, ko a kai shi bara. A wannan yanki haɗa yara a aji ɗaya ba zaɓin masana ba ne, dole ce ta kawo shi, abin da ya rage shi ne yadda za a yi shi.

Akwai misalin da ya kamata ya ba mu kunya kaɗan. Yaren hannu da ake koyarwa a makarantun kurame na Nijeriya ya samo asali ne daga na Amurka, wanda Andrew Foster ya kawo lokacin da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Alhali kuramen ƙasar Hausa suna da tasu maganar hannu tun kaka da kakanni, wadda masu ji da yawa a kasuwa suke iyawa. Wadda ta zauna a Kano cikin kurame ta yi nazarin wannan yare har ta fitar da littafi a kansa a shekarar 2000 Bajamushiya ce, Constanze Schmaling, kuma aikin digirinta na digirgir ne. Ga kundin digiri da bai tsaya a kanta ba. Abin da bai kamata ya jira wani baƙo ba shi ne mataki na gaba: yadda malamin firamare na Faskari zai yi amfani da maganar hannun da yaran unguwa suka riga suka iya, kurma ya koyi lissafi tare da sa'o'insa. Sashen ilimi na musamman na Jami'ar Bayero yana da masanan da za su jagoranci irin wannan aiki.

Warewa kuma ba ta tsaya a kan nakasa ba. Akwai ɗan gudun hijira da ya baro ƙauyensu ba takardar canjin makaranta, ya kai shekara goma sha biyu bai iya haɗa baƙi ba. Akwai yarinyar da aka yi wa aure da wuri saboda iyaye na tsoron a sace ta, da wadda ta dawo daga hannun 'yan bindiga mutane na nuna ta da baki. Shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda Katsina na cikin jihohi bakwai da suka fara shi, yana gyara azuzuwa yana tallafa wa 'yan mata, amma gini ba ya gaya wa malama yadda za ta zaunar da irin wannan yarinya a aji ba tare da 'yan'uwanta sun tsangwame ta ba. Akwai kuma wanda ba a son a ambata: ɗan Fulanin da bai san hawa ba bai san sauka ba, amma abokan ajinsa ke kiransa ɗan ɓarayi. Tun 1989 aka kafa hukumar ilimin makiyaya, da hedikwata a Kaduna, duk da haka kowa a yankin nan ya san yawancin yaran da ke riƙe da bindiga a daji ba su taɓa zama a aji ba. Ana ta zaman sulhu, ana yi ana warwarewa. Ko wane ra'ayi mutum yake da shi game da sulhun, ranar da ƙura ta lafa 'ya'yan ɓangarorin biyu benci ɗaya za su zauna, kuma malamin da zai raba su faɗa ba a shirya shi ba. Idan akwai batun digirin digirgir da ya fi wannan muhimmanci a Jihar Katsina, ina son in ji shi.

Harshen koyarwa ma yana cikin maganar, a taƙaice. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarbanci shekara shida ba su gaza ba, har a Turancin. Shirin RANA ya koyar da karatu da Hausa a ƙananan azuzuwa a Katsina da Zamfara. A 2022 gwamnatin tarayya ta ce a koyar da harshen uwa a firamare, a Nuwamban 2025 ta janye. An yi, an warware, ba a ji muryar ajin karkarar Katsina a muhawarar ba, domin ba mu ajiye hujjar da za mu ɗaga ba.

Na san abin da za a ce, kuma magana ce mai ƙarfi: rai ya fi digiri. Wane malamin jami'a ne zai sa hannu ɗalibarsa ta tafi Sabuwa, kan iyakar Birnin Gwari, da jakar takardu? Ɗaliban Dutsin-ma ma an bi su har masaukinsu an ɗauka. Kuma a garin da kalmar infoma take iya jawo wa mutum kisa, baƙon da ke yawo yana tambaya yana rubutawa haɗari ne ga kansa da ga wanda ya amsa masa. Yaron da aka sa ya maimaita labarin daren da aka kashe mahaifinsa, don kawai a cika babi na huɗu, an sake cutar da shi. Duk na yarda. Shi ya sa ban ce a tura kowa ba.

Masu binciken suna can tuntuni. Malaman firamare da sakandare na waɗannan ƙananan hukumomi su ne ke cika azuzuwan karatun hutu da na ƙarshen mako a Zariya da Katsina da Dutsin-ma. Mutum ya baro ajin da ke cike da tambayoyin da duniya ba ta da amsarsu, ya zo jami'a a ba shi take a kan makarantun cikin birni. Wannan shi ne ɗauke ruwa daga gonar da ke ƙishi a kai wa fadama. Tun shekarun 1970 masanin ilimi na Ingila Lawrence Stenhouse yake cewa malami shi ne ya fi cancanta ya binciki ajinsa, kuma malaman Japan sun fi ƙarni suna taruwa su kalli darasin ɗayansu su tattauna su gyara. Hanyar ba ta da wuya: malami ya lura da matsala, ya gwada wata dabara zango guda, ya rubuta abin da ya gani kullum, ya auna karatun yara kafin da bayan, ya gyara ya sake. Wani ya gwada raba yara bisa abin da suka iya maimakon shekarunsu na awa ɗaya a rana, dabarar da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da ita, aka kuma gwada ta a Borno da Kano. Wata ta ajiye bulala zango guda ta ga abin da zai faru da zuwan yara. Wani ya zaunar da kurma kusa da abokinsa mai maganar hannu. Irin wannan malami ɗan gari ne, mai unguwa ya san shi, iyaye sun yarda da shi, ba wanda zai ce masa infoma don ya rubuta abin da ya faru a ajinsa. Abin da yake buƙata daga jami'a shi ne horo a kan amana: ɓoye sunan yaro da na ƙauye, neman izinin iyaye da Hausa, da sanin lokacin da zai rufe littafi ya bar yaro ya yi shiru.

Wasu malaman jami'a za su ce aji ɗaya bai isa a gina hukunci a kansa ba. Gaskiya ne. Amma malamai talatin a azuzuwa talatin, ƙarƙashin jagora ɗaya, suna bin tambaya ɗaya, sun fi takardun tambayoyi dubu da aka cike a ɗakin malamai cikin minti goma, wani lokaci ma mutum ɗaya ya cike ashirin.

Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya san wannan hanya, domin shi ma ya kare kundin digirin digirgir a Zariya, kuma gwamnatinsa ta ɗauki malamai fiye da 7,000 a 2023. Roƙona gare shi da hukumar ilimin matakin farko ta jiha, SUBEB, shi ne a ware ɗan tallafi, ko na malamai ashirin ne a shekara, ga malaman ƙananan hukumomin da ke bakin daga waɗanda za su yi binciken digirinsu a kan azuzuwansu, da sharaɗin su ci gaba da koyarwa a can. Shugabannin tsangayoyin ilimi kuma su karɓi irin wannan aiki a matsayin cikakken kundi, su wajabta wa duk wanda ya yi bincike a makarantun Katsina ya rubuta taƙaitawa ta shafi biyu da Hausa, ya kai wa sakataren ilimi da hedimastan makarantar da ya yi aikin kafin a ba shi takardar shaida. Ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa yana iya ɗaukar nauyin rukunin farko da abin da bai kai kuɗin gina aji biyu ba.

Kai kuma malam, ke kuma malama, da za ku je gabatar da taken bincike a zango mai zuwa: ku rubuta sunan makarantar da kuke koyarwa a cikin taken, ku tsaya a kansa ko da an ce ku canja.